Mako Huɗu A Birnin Sin: Karatu Ne Ko Yawon Sallah?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da wannan mujalla take iske ku a ofisoshinku, akwai wata ɗabi'a da take neman zama jiki a jami'o'inmu, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Da zarar dogon hutu ya gabato, sai sanarwa ta fara yawo, a allo da cikin wayoyi, wai ana neman ɗalibai su tafi ƙasar Sin karatun bazara. Mako 2 ne, ko 4, in an yi tsawo 6. Da safe a koyi Sinanci, da yamma a saurari lacca a kan harkokin duniya, ran Asabar a hau Babbar Ganuwa a ɗauki hoto, ran ƙarshe a miƙa wa kowa takardar shaida mai jan hatimi. Ko sunan abin ma na aro ne, domin watannin da suke kira bazara a can, watau Yuli da Agusta, mu nan tsakiyar damina ce, iyayenmu suna duƙe a gona.

Ba ni da ja da wanda ya samu dama ya tafi. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kowa ya sani, kuma ɗan talakan da bai taɓa wuce Zariya ba, in aka ce ga jirgi kyauta zuwa Shanghai, wauta ce ya ƙi shiga. Rigimata da masu kiran wannan yawo karatu ce, da hukumomin jami'a da suke lissafa shi cikin nasarorinsu ran bikin yaye ɗalibai, suna jawo mana maganar nan ta neman ilmi har birnin Sin, alhali sun san abin da aka je aka yi bai kai ko share fage ba.

Bari mu yi lissafin 'yan aji uku. A ɗauka mako 4 ne, kwana 5 kowane mako, awa 4 kowace safiya. Awa 80 ke nan, in ba wanda ya makara, ba wanda ciwon ciki ya kwantar saboda baƙon abinci. To, makarantar da Amurka take horar da jakadunta, wadda ta fi shekara 70 tana wannan aiki, ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 2,200 a cikin aji, watau mako 88, kafin ya iya aiki da Sinanci. Faransanci kuwa tsakanin awa 600 da 750 ya isa. Awa 80 cikin 2,200 ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Ko a ma'aunin Sinawan da kansu, watau jarrabawar HSK a tsarin da aka kafa a 2010, matakin farko kalmomi 150 ne, na huɗu 1,200, na shida 5,000. Ɗan bazara mai ƙwazo, in ya dage, matakin farko zai taɓa. Zai iya gaisuwa, ya ƙirga kuɗi, ya ce shi ɗan Nijeriya ne, ya tambayi hanyar ban-ɗaki. In an amsa masa da sauri kuma, shi ke nan, zance ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Bahaushe yana da wata baiwa a wannan fage wadda Bature ba shi da ita, muna kuma zubar da ita. Sinanci harshe ne mai karin sauti, kamar namu. Yaron da ya tashi yana bambanta kukan jariri da kukar miya, ba tare da kowa ya koya masa ba, kunnensa a shirye yake. A Sinanci gaɓar "ma" tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke ta. Wadda ta fi shafar 'yan kasuwarmu ma ita ce "mai": da wani kari saye take nufi, da wani karin kuma sayarwa. Bature yakan yi watanni yana fama da wannan, mu kuwa da ɗan horo sai mu wuce. Amma inda gizo yake saƙa shi ne rubutu. Babu abajada da za ka haddace cikin mako guda kamar boko ko ajami. Kowace alama sai ka san ta ita kaɗai, surarta da lafazinta da ma'anarta, kuma sai kana da kamar 2,500 zuwa 3,000 a ka kafin ka karanta jarida ba tare da ƙamus ba. Wannan aikin almajiranci ne, na wanke allo da sake rubutawa, shekara da shekaru. Mu da muka fito daga gidajen da ake haddace littafi sukutum a rubuta shi da ka, mu ne za a ce mun gamsu da mako 4?

Sa'an nan mu zo ga laccar yamma, wadda aka raɗa wa suna harkokin duniya. Da wane harshe ake yin ta? Da Turanci mana, tun da ɗalibin bai ji Sinanci ba. Watau rabin karatun da ya fi muhimmanci ba shi da wata alaƙa da rabin safe, an dai haɗa su ne a takardar talla. Me ake faɗa a ciki kuwa? Za a ba ka labarin taron Bandung na 1955, da rangadin da Zhou Enlai ya yi a ƙasashen Afirka 10 daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964. Za a tuna maka layin dogon Tanzaniya da Zambiya, kilomita 1,860, wanda Sinawa suka gina tsakanin 1970 da 1975 bayan Turawan Yamma sun ce ba riba. Za a ce maka ƙuri'un Afirka 26 suna cikin 76 da suka mayar da Bejin kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 25 ga Oktoba, 1971. Duk wannan gaskiya ne, kuma layin dogon nan abin a yaba ne har gobe, don ya ba Zambiya hanyar fitar da tagullarta ba tare da ta bi ta hannun 'yan wariyar launin fata ba.

Amma mai masauki ba ya buɗe wa baƙo ɗakin shirgi. Da wuya a gaya maka cewa a 1968, muna tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Bejin ta fito fili ta goyi bayan Biyafara, saboda abokiyar gabarta Tarayyar Sobiyet tana bayan Ikko, kuma sai ran 10 ga Fabrairu, 1971 muka ƙulla hulɗar jakadanci da ita. Da wuya a ambaci watan Disamba na 1988, sa'ad da dubban ɗalibai a birnin Nanjing suka yi kwanaki suna zanga-zangar ƙin jinin ɗalibai baƙar fata 'yan'uwanmu. Da wuya a tayar da maganar Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da masaukai a Guangzhou suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Maganar Musulmin Uigur na Xinjiang kuwa, wadda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 abin da aka yi musu yana iya zama laifin cin zarafin bil'adama, ka ɗaga hannu ka tambaya ka ga yadda ɗakin zai yi tsit. Gwamnatinmu ma ta sa hannu a wata wasiƙa ta goyon bayan Sin a kan wannan batu a 2019, ban kuma ji an tambayi kowa a Kano ko Sakkwato ba.

Ban ce Sinawa sun fi kowa mugunta ba. Abin da Ingila da Faransa da Amurka suka daɗe suna yi shi suke yi, sun kuwa koye shi a jikinsu. A 1909 Amurka ta fara amfani da wani ɓangare na diyyar da aka tilasta wa Sin biya bayan tawayen Boksa, tana ɗaukar samarin Sinawa zuwa jami'o'inta, don ta san wanda ya yi tarbiyyar shugabannin gobe shi zai ci kasuwar gobe. Daga wannan kuɗi aka kafa makarantar Tsinghua a 1911. Don haka da aka yi mana alkawarin guraben karatu 50,000 da na horo 50,000 a taron Sin da Afirka na 2018, masu alkawarin sun san abin da suke shukawa. Haƙƙinsu ne su nemi masoya. Mu ne ya kamata mu san cewa kyautar gwamnati ga gwamnati ba sadaka ba ce.

Yanzu ku dubi yadda su suke yi in suna neman ilmin wani. A 1872 daular Sin ta fara tura yara zuwa Amurka, su 120 cikin rukuni huɗu, da niyyar su yi shekara 15. An janye su a 1881, amma cikinsu akwai Zhan Tianyou, wanda ya gama injiniya a Yale, ya dawo ya shimfiɗa layin dogo daga Bejin zuwa Zhangjiakou tsakanin 1905 da 1909, cikin duwatsu, ba tare da injiniyan Turawa ko ɗaya ba. Deng Xiaoping ya sauka Faransa a 1920 yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 5 yana aikin ƙarfi a masana'antu. Da mulki ya zo hannunsa a 1978, cikin abubuwan da ya fara yi har da tura masana su je su zauna su koyo, rukunin farko su 52 suka tashi zuwa Amurka a Disambar wannan shekara. Ba wanda ya je ɗaukar hoto.

Mu ma haka suka yi mana. Tun 1963 gidan rediyon Sin yake watsa shirye-shirye da Hausa. A Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin ana yin digiri na shekara 4 a kan Hausa. Kun ji su a rediyo, kun gan su a wayoyinku, samari da 'yan mata da sunayen Hausa, suna jefa karin magana inda ya dace. Fiye da shekara 60 ke nan suna saurarenmu da harshenmu, suna karanta jaridunmu, sun san abin da yake sa mu dariya da abin da yake sa mu fushi. Mu kuwa, cibiyoyin Confucius na farko da aka buɗe a ƙasar nan, a Awka a 2008 da Ikko a 2009, da tallafinsu da malamansu da littattafansu aka kafa su. Su suka zaɓi su koyi namu, su kuma suka zaɓi yadda za mu koyi nasu. Ina namu ƙoƙarin?

Kada wani ya ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce kawai. A 2023 cinikin da ke tsakaninmu da Sin ya kai wajen dala biliyan 22, kusan biliyan 20 daga ciki kayan da suka sayar mana ne. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, da aka buɗe a 2016, kamfaninsu ne ya gina, da rancen dala miliyan 500 daga bankinsu. A 2020 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya ta da ƙura a kan wani sashe na yarjejeniyar rance da ya shafi kariyar ƙasa mai 'yanci, aka yi ta cacar baki, wasu na cewa an jinginar da Nijeriya, wasu na cewa sharaɗi ne da ake sa wa kowane bashi. Wani zai ce ai da Turanci ake rubuta yarjejeniyar, me ya kawo Sinanci? To, wani bincike da aka buga a 2021 a kan irin waɗannan yarjejeniyoyi guda 100 ya nuna da yawansu suna ɗauke da sharaɗin sirri, da yawa kuma suna cewa in rigima ta tashi dokar Sin za a bi, a can kuma za a yi sulhu. Lauyoyinmu nawa ne za su iya buɗe kundin dokar Sin su karanta da idonsu? Jami'anmu nawa ne, in ana zaune a teburin ciniki, suke jin abin da mutanen ɗaya ɓangaren suke raɗa wa juna? Sau da yawa tafintan ma nasu ne. Ka je kasuwa sayen sa, dillalin kuma ɗan gidan mai san ne. A Agustan 2024 wani kamfanin Sin, Zhongshan Fucheng, ya sa wata kotu a Faransa ta riƙe jiragen fadar shugaban ƙasarmu guda 3 saboda rikicin kwangila da Jihar Ogun. Wanda ya yi mako 4 yana koyon riƙe tsinken cin abinci ba shi zai fitar da mu daga irin wannan ba.

Mu dawo gida sosai. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. UNTL, wadda wani attajirin Basine daga Hong Kong ya kafa a 1964, ta dakatar da aiki a 2007. Ba zan ɗora wa Sinawa laifin duka ba, don rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da shugabanninmu masu kwashe dukiya sun riga su kashe masaƙun, su dai sun zo jana'iza ne suka gaji kasuwa. Amma yau shiga Kantin Kwari ka tambayi inda atamfa da shadda suke fitowa. A 2015 masu rini na Kano sun yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kukan an kwashe musu sana'a. Shi kansa Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya rubuta a 2013 cewa wanda yake ɗaukar ɗanyen kayanka ya sayar maka da sarrafaffe, abin da mulkin mallaka ya ginu a kai shi yake yi. Hatta jakunanmu ba su tsira ba, ana yanka su don fatar da ake dafawa a yi magani a can, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana cinikin fatar a 2024. A Damagaram ga matatar mai tun 2011, ga bututu na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kuma a Maris na 2025 hukumomin Yamai suka kori manyan jami'an kamfanonin man Sin guda 3, suna ƙorafin bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Waɗannan su ne harkokin duniyarmu. A Kwari da Kakuri da Damagaram suke, ba kuma a cikin laccar yamma za ka same su ba.

Wani abin kunya ma shi ne 'yan kasuwarmu da ba su taɓa shiga jami'a ba sun fi mu. Alhajin da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, da yaronsa da ya zauna shekara 3 a can yana loda kwantena, sun fi mai takardar shaidar bazara jin Sinanci nesa ba kusa ba, don su yunwa da tsoron asara suka koya musu. Ba jami'ar da ta taɓa gayyatarsu su yi wa ɗalibai bayani, wai ba su da digiri.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce somin-taɓi ne, wanda ya ɗanɗana zai nemi ƙari, kuma da babu gara ba daɗi. Na yarda, in akwai abincin da zai biyo bayan somin-taɓin. To, yaro ya dawo a Satumba da kalmominsa 150 da zumuɗinsa. Wane aji zai shiga? Wa zai yi magana da shi? Kafin a ci kasuwar Kirsimeti saura gaisuwa kawai a bakinsa, sai takarda a bango. Daɗin daɗawa, su wa ake zaɓa? Inda kuɗin jirgi yake kan ɗalibi, kun san 'ya'yan wa za su iya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne a dokar 2024. Inda kuma kyauta ne, sau nawa kuka ga an liƙa sunayen waɗanda suka nema, da makin kowa, da dalilin ɗaukar wannan a bar wancan? Sai dai ka ji wane ya tafi. Ƙungiyarmu da take rufe ƙofar jami'a saboda ƙarin kuɗin ɗaki ba ta taɓa neman a nuna mata wannan takarda ba, watakila don wasu daga cikin shugabanninta suna sa ran sunansu zai fito.

Alhali kuwa ba sabon abu muke nema ba. Ƙasar nan ta riga ta san yadda ake yi. Ɗalibin Faransanci yana da ƙauyen koyon harshe a Badagry tun 1991, na Larabci yana da nasa da aka kafa a Ngala a 1992, kuma tsarin digirin ya tanadi zaman shekara guda cikin harshen tsundum bayan an yi shekara 2 ana aza harsashi. A 2025 aka sanar da cewa an sa Sinanci cikin harsunan waje da ɗaliban babbar sakandare za su iya zaɓa. Madalla. Wa zai koyar? In jami'o'inmu ba su yaye malamai ba, to, sai dai a sake miƙa hannu a roƙo daga Bejin, da malamin da littafin da abin da littafin ya ga dama ya faɗa a kan Taiwan da Xinjiang da bashi.

Saboda haka abin da nake kira ga majalisar wakilan ɗalibai ta kai gaban hukumar jami'a a zamanta mai zuwa shi ne a buɗe sashen Sinanci a tsangayar harsuna, a cikin kasafin jami'a, da digiri na shekara 4 wanda shekara guda cikinsa a Sin za a yi ta. A bar ɗaliban lauya da na tattalin arziki da na injiniya su ɗauke shi a matsayin darasi na biyu tun daga aji ɗaya, don su ne za su zauna a teburin. Darasin dangantakar Sin da Afirka kuma malamanmu na tarihi da kimiyyar siyasa su koyar da shi a nan, da Tazara da Biyafara da Nanjing da Kwari duk a ciki, kafin kowa ya hau jirgi, yadda in ya zauna a laccar yamma zai san inda aka tsallake. Taimakon Sinawa muna so, malamansu ma su zo, amma manhajar a hannunmu take.

Tafiyar bazara kuwa a ci gaba da ita, sai dai a daina ba wanda bai san komi ba. A ba wanda ya riga ya yi shekara 2 a aji ya ci jarrabawa, wanda mako 4 a titin Bejin zai kwance masa harshe da gaske. A kuma liƙa sunaye da maki a allon tsangaya mako 2 kafin tashi, kowa ya gani. In hukuma ta ce ba kuɗin buɗe sashe, sai wakilanmu su nemi a kawo musu lissafin abin da aka kashe a kan tawagogin manyan jami'a da suka je Sin sa hannu a takardun fahimtar juna cikin shekara 10 da suka wuce, da adadin ɗaliban da suka iya karanta shafi guda na jaridar Sinanci a sanadiyyar waɗannan takardu.